Baƙin Fentin da Ke Gaban Motar Marigayi

Tun daga bakin titi ta gane ƙarar motarsa. Ta kashe kwamfaresa, ta zare takunkumin da ke hancinta, ta gyara ɗankwali da bayan hannu don kada fenti ya taɓa shi. Har ta fara murmushi.

Murmushin bai ƙarasa fitowa ba.

A kujerar gaba, kusa da shi, Nas ce a hakimce. Ta sauke gilashi, wayarsa na kan cinyarta kamar tata.

Injiniya ta kawar da kai. Da wannan sunan kowa ke kiranta a layin garejin. Da farko tsokana ce, lokacin da ta gama karatun injiniya ta ƙi neman aikin ofis, ta dawo garejin babanta ta karɓi ɗakin fenti. Daga baya sunan ya zauna, masu tsokanar suka koma kawo mata motocinsu.

Mutum ɗaya ne sunan bai taɓa burgewa ba: Hajiya, mahaifiyar Auta.

Auta malamin lissafi ne, ɗan autan Hajiya, kuma shi ne ya yi wa Injiniya alkawarin aure. Ranar da ya kai maganar gida, Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi ba za ta haɗa jini da mace mai warin tina, ruwan sirka fenti, ba, alhali ga Nas, ma’aikaciyar jinya, ’yar ƙanwarta, wadda ta rena a ɗakinta tun tana rarrafe.

Haka muke. Kowa na son motarsa ta fito tana ɗaukar ido, amma hannun da ya sa ta ɗaukar idon ba a son ganinsa a cikin kwanon gida. In ka tambayi dalili a ce maka haka aka tarar, kamar abin da aka tarar ba ya tsatsa.

Yanzu Kawunsu ya aiko cewa ƙarshen wata zai zo ya ji magana ɗaya daga bakin Hajiya, a rufe zancen. Shi ne Auta ya kawo dabara. Tsohuwar motar marigayi babansa na nan a bayan gida ƙarƙashin tamfol, tun rasuwarsa Hajiya ba ta ko iya kallon wajen. Ya ce wa Hajiya zai kai ta a duba don kada ta ruɓe, ya jawo ta garejin su Injiniya. In Hajiya ta ga motar mijinta ta dawo da ranta, in kuma ta ji hannun wa ya dawo da ita, ai zuciya ba dutse ba ce.

Baba, mahaifin Injiniya, ya tashi injin. Injiniya ta gama jiki. Saura fuska: ragar gaba da ƙarafa huɗu da suka kewaye ta, na sama, na ƙasa da na gefe biyu.

Nas ta fito tana tattare bakin rigarta daga baƙin mai.

“Sannu da aiki, mai fenti.”

“Yawwa, sannu mai allura.”

Auta ya yi saurin shiga tsakani. “Hajiya ce ta ce in sauke ta a asibiti, sai hanya ta biyo da mu.”

“Asibiti ya dawo bayan garejinmu ne ban sani ba, Malam?”

Ya sosa ƙeya. Nas ta yi ’yar dariya, ta miƙa masa wayarsa. “Yaya, riƙe abinka kada a ce na ƙwace.”

Wannan “Yaya” ɗin, yadda take jan shi kamar ana jan zare, shi ya fi komai ƙona wa Injiniya rai. Ta juya ta ɗauko wasu ƙananan faranti na ƙarfe guda uku da ta yi gwaji a kansu, ta jera a kan teburin aiki.

“Zo ka gani. Duk ruwan azurfa ne, amma ba ɗaya ba ne. Wannan mai sheƙi ne, in rana ta buge shi sai ya kashe ido, ya haɗiye ƙyallen fitilu. Wannan ba shi da sheƙi ko kaɗan, kamar toka, ƙura zai riƙa kamawa. Na tsakiyan nan shi ne nata, mai ɗan dishi-dishi. Da shi ta fito daga kamfani.”

“Amma ai baƙi ne a jikinta,” in ji Auta.

“Wannan baƙin ba nata ba ne. Na kankare ta baya, na ga azurfar a ƙasa. Wani ne ya zo da burushi ya lafta mata fentin ƙofa. Fentin ƙofa fa, Malam! Duba yadda ya zubo kamar hawaye. Ga gashin burushi nan a maƙale. Wanda ya yi wannan bai kamata a bar shi ya fenta ko bokiti ba.”

Nas ta matso. Ta daɗe tana kallon ƙarafan, sannan ta ɗago ta kalli Injiniya ido cikin ido.

“Da ni ce, da ban taɓa baƙin nan ba.”

“Ai ba ke ba ce.”

“Akwai dalili. Ko Yaya bai sani ba, lokacin ba a haife shi ba. Ni Hajiya ta faɗa wa, muna ɗaki daga ni sai ita.” Ta ɗan tsaya. “Kin san akwai maganar da sai ’yar gida.”

“Dalilin yana ƙarƙashin fentin, na kankara na gani.”

Suka juya gaba ɗaya suna kallon Auta. Shi kuwa, bawan Allah, ya dubi wannan ya dubi waccan, sannan ya zaɓi mafi munin abin da zai faɗa.

“Ina ganin a bi maganar Nas. Ta fi mu sanin Hajiya.”

Injiniya ta mayar da takunkuminta, ta kunna kwamfaresa. Ƙararsa ta cika wajen. Ta cikin ƙurar da ke tashi ta ga Nas ta koma kujerar gaba, ta ja ƙofa a hankali kamar mai rufe ɗakinta.

* * *

Bayan an tashi daga makaranta ya dawo shi kaɗai. Ya same ta a ɗakin fenti tana wanke bindigar feshi, ta ƙi ɗagowa.

“Fushi ake da ni?”

“Wa ni? Ina ni ina fushi da ɗan gida? Ni ai lebura ce. A kawo mota in goge, a zo da ’yar gida ta duba aikina.”

“Haba, Injiniya.”

“Kada ka haba ni. A gabanta fa! Na kwana biyu ina haɗa kala, idona har ruwa yake, ita ta zo ta tsaya minti biyu tana toshe hanci, ka ce a bi maganarta.”

“Ban ce kin yi kuskure ba. Na ce ta san Hajiya.”

“Ta san Hajiya, ta san ɗakin Hajiya, ta san lokacin da kake son shayinka, ta san lambar buɗe wayarka. Ni me na sani? Tina da samfefa.”

Muryarta ta karye. Ta so ta danne, hawayen suka ƙi. Ta goge da gefen hannu, fenti ya bar mata layi a kumatu.

Ya jawo wani tsohon gwangwani ya zauna. “Wallahi ban taɓa yi mata kallon da ya wuce na ƙanwa ba.”

“Ita fa? Ka taɓa tambayarta wane kallo take maka? Kai komai sai ka ce a yi haƙuri, lokaci zai gyara. Lokaci ya gyara me? Ka ga motar babanka, lokaci aka bar wa ita, dubi abin da ya yi mata. Ka kasa buɗe baki ka ce wa Hajiya ni kake so ko ba mota, sai ka ɓuya a bayan ƙarfe ka turo ni gaba.”

Maganar ta shige shi. Ya sunkuyar da kai.

“Na tambayi Nas dalilin a hanya,” ya ce a hankali. “Ta ce sirrin mata ne. In kina so ki je ki same ta da kanki, za ta faɗa miki.”

Injiniya ta yi wata dariya mai ɗaci. “In je in durƙusa mata ke nan. In ce ranki ya daɗe, koya mini aikina.”

“Tambaya ce kawai.”

“A wajenka. Ka san abin da take so? A bar baƙin nan, Hajiya ta zo ta ga fenti na zuba kamar aikin makaho, ta ce to, ga iyakar gwanintar. Ko kuma in abin ya yi daɗi, ta ce ai ita ta ba da shawara. Ko ta ina ita ce da riba.”

“To ki jira in lallaɓa Hajiya in ji.”

“Kai da ko sunan motar ba ka iya ambata a gabanta?”

Ya miƙe. “Ki yi mini abu ɗaya. Kada ki taɓa ƙarafan nan sai na dawo.”

“Don ni kake roƙo, ko don ita?”

Ya kama hanyar fita. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya yi saurin juya fuskar wayar. Amma ta riga ta ga sunan.

“Ɗauka mana,” ta ce. “Kada ’yar gida ta jira.”

* * *

Washegari da sassafe ta kwance ƙarafan.

Baba ya leƙo da kofin shayi a hannu. “Ba na ji an ce a dakata ba?”

“Baba, kai ma ka ga azurfar da idonka.”

“Na gani. A aiki kina da gaskiya, ba na musu. Amma ni tun da na ji an ce sirrin mata, na cire hannuna. Shekaruna da uwarki ban taɓa cin irin wannan shari’ar ba.” Ya kurɓi shayi ya wuce.

Na sama ya fito, na gefe biyu suka fito. Na ƙasa ya ƙi. Notocinsa sun ci tsatsa sun manne da jiki, in ta matsa za su karye. Ta zuba musu mai ta bar su su jiƙa.

Ta shimfiɗa ukun a kan teburi ta shafa maganin cire fenti. Baƙin ya fara kumbura yana tattarewa. Ta sa abin kankara ta bi shi. Duk jan da ta yi, fuskar Nas take gani. ’Yar gida. Ta ja. Ta fi mu sanin Hajiya. Ta ƙara ja.

A ƙarfen hagu ta tarar da wani abu. Ƙarƙashin baƙin akwai lotsawa, da wani dogon karce da ya ci azurfar har ƙarfe. A wajen an lafta fentin ya fi ko’ina kauri, an bi an sake bi.

Hannunta ya tsaya. Wani abu a ranta ya ce mata wanda ya yi wannan ba kwalliya yake nema ba, ɓoyo yake yi. Ya ce mata ta ajiye, ta ɗauki waya.

Sai ta tuna yadda aka ja ƙofar motar nan a hankali.

Ta ɗauki ƙaramar guduma ta buge lotsawar ta miƙe. Ta bi da samfefa mai kaushi, ta bi da mai laushi, har yatsa ya daina jin komai. Ta fesa fentin shimfiɗa, ta jira ya sha iska. Sannan ta ɗura azurfar a bindiga ta bi ƙarafan da hannu ɗaya mara rawa, sama-sama, sau uku.

Da suka bushe ta ɗaura su. Ta ja da baya.

Gaskiya sun yi kyau. Fitilun suka fito kamar an wanke musu ido, fuskar motar ta buɗe. Ba don wannan baƙin na ƙasa ba, da sai ka rantse yau ta sauko daga jirgi. Ta ce a ranta gobe za ta ƙarasa shi, jibi Auta ya kawo Hajiya, a ga wanda ya san aiki.

Ta ɗauki hoto. Ta rasa wa za ta tura wa don ya fi jin zafi, sai ta tura wa Auta, ta san wa ke riƙe masa waya.

* * *

Ba a kai jibi ba.

Da hantsi, tana durƙushe tana fama da notocin ƙasa, ta ji motarsa ta tsaya. Ƙofa uku aka buɗe.

Hajiya ce a gaba, doguwa, ta yafa farin mayafi, carbi a hannu. Nas na riƙe da jakarta. Auta na biye da su, fuskarsa kamar wanda aka kama da satar amsa.

“Nas ta ce mini akwai abin da ya kamata in gani da idona,” in ji Hajiya. “Ina motar?”

Baba ya fito da sauri yana goge hannu, aka gaisa. Injiniya ta durƙusa har ƙasa. “Ina kwana, Hajiya.”

“Lafiya.” Ko kallonta ba ta yi ba.

Ta fara daga baya. Ta shafa murfin but, ta leƙa kujeru, ta taɓa madubin gefe. Bakinta na motsi a hankali. Da ta zo ƙofar direba sai ta dafa ta, ta rufe ido. Auta ya saci kallon Injiniya, idonsa na cewa kin gani?

Sai Hajiya ta zagayo gaba.

Carbin ya tsaya.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta miƙa hannu ta shafa ƙarfen hagu, daga sama har ƙasa, ta sake dawowa, kamar mai laluben abu a cikin duhu.

“Ina lotsawar?”

Auta ya sunkuyar da kai.

“Na ce ina lotsawar da ke nan? Ina baƙin?”

“Hajiya,” Injiniya ta ce, “ni na cire. Asalin kalarta ke nan. Wancan fentin ƙofa ne, wani ne ya...”

“Wani?”

“Wanda bai iya ba ne ya shafa da burushi.”

Hajiya ta juyo. Karo na farko ke nan da ta kalle ta sosai.

“Ni ce wanin.”

Baba ya ajiye tsumman hannunsa a hankali.

“Ni na shafa shi. Ni da babansu.” Ta koma kallon motar. “Ina amarya ya ce sai ya koya mini tuƙi. Uwarsa ta ce in ta ga na taɓa sitiyari sai na bar mata gida. Muka riƙa fita a ɓoye. Ranar nan muna dawowa na daki ƙofar gida. Nan, daidai nan. Tsohuwa ta tafi unguwa, kafin ta dawo ya ɗauko ragowar fentin ƙofar, ya ba ni burushi. Ina shafawa ina kuka, shi yana dariya har yana riƙe ciki. Ya ce in shafe duka huɗun don kada a gane. Da ta dawo ya ce mata sabon yayi ne.”

Ta ja numfashi.

“Har ya koma ga Allah bai bar wani mai fenti ya taɓa wajen nan ba. Sau nawa ana yi wa motar nan fenti, sai ya ce a rufe gaban da takarda. In muka yi faɗa, sai ya fita ya tsaya yana shafa lotsawar nan har in leƙo in yi dariya.” Muryarta ta dushe. “Abin da ya rage mini ke nan wanda daga ni sai shi. Kin goge.”

Injiniya ta ɗago kai. Ta dubi Nas. Nas ta sunkuyar da kai kamar mai jimami, amma a gefen bakinta akwai wani abu da ba jimami ba. Nan take ta gane. Nas ba ta yi gargaɗin nan don a ji ba. Ta yi shi a gaban Auta, da muryar ’yar gida, don ta san kunnen da kishi ya toshe ba ya jin gargaɗi, sai dai ya yi akasinsa.

“Ai na faɗa mata, Hajiya,” in ji Nas a tausashe. “Yaya shaida ne.”

“An faɗa miki?” Hajiya ta tambaya.

Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi. Tana iya cewa ba a yi mata bayani ba. Tana iya kawo zancen kamfani da asali, ta yi ta zuba har la’asar, kuma duk gaskiya ne.

“An faɗa mini,” ta ce. Hawaye suka zubo. “Ta ce kada in taɓa. Shi ma ya roƙe ni in jira. Da na ga lotsawar raina ya ba ni akwai magana. Ban tsaya ba.”

“Don me?”

“Don daga bakinta maganar ta fito.” Ta haɗiye kuka. “Na gan ta a gaban motarsa, Hajiya. Na ji ta ce ’yar gida. Da wani ne ya faɗa mini, ko mai faci ne, da na tsaya na tambaya. Azurfar daidai ce, wannan ba zan janye ba. Amma ba don daidai ce na fesa ta ba. Ki yafe mini.”

“Yafiya ba ta dawo da fenti.”

“Hajiya.” Auta ne ya matso, muryarsa na karkarwa amma bai tsaya ba. “Laifina ne. Ni na kawo motar nan don in saye zuciyarki da ita, saboda na kasa tsayawa in yi magana. To yau zan yi. Ko ta gyara ko ta ɓata, ita nake so. In Kawu ya zo, abin da zan faɗa ke nan.”

“Yaya!” in ji Nas.

“Rufe mini baki, Auta,” in ji Hajiya. “Yanzu ka sami murya?”

Ta juya za ta tafi. Sai idonta ya sauka ƙasa.

Ƙarfen ƙasa na nan yadda yake, baƙi, mai ya jiƙa notocinsa, fentin ya zubo ya daskare. Hajiya ta tattare mayafi ta durƙusa a kan simintin garejin, cikin ƙura da mai, ita da ko ƙofar wajen ba ta so ta taka ba. Ta bi ƙarfen da yatsa har kusurwar dama. A can, cikin busasshen fentin, akwai shatin babban yatsa.

Ta ɗora nata a kai. Bai cika shatin ba.

“Nasa ne,” ta ce. “Ya taɓa ya ji ko ya bushe. Na ce masa bai bushe ba.”

Kafaɗunta suka fara rawa. Injiniya ta rarrafa ta jawo wani tsaftataccen kwali, ta tura shi kusa da gwiwar Hajiya ba tare da ta ce komai ba. Hajiya ta dube shi, ta dube ta, sannan ta matsa ta hau kai.

“Me ya hana ki cire wannan?”

“Notocin ne suka ƙi, Hajiya. Ba hankalina ba ne.”

Wani abu ya gilma a fuskar Hajiya, tsakanin kuka da dariya. Ta share ido da bakin mayafi, ta ɗago ta nemi Nas.

“Ke kuma. Kin san labarin nan tun kina ’yar makaranta. Da kika ga za a goge, me ya hana ki buɗe baki ki faɗi duka? Ko ki zo ki same ni?”

“Hajiya, ai sirrinki ne...”

“Sirrina ne da za a goge. Da aka gama gogewa kuma ya zama abin da za ki jawo ni in gani tun da hantsi.” Ta girgiza kai. “Ni na rene ki, Nas. Kada ki yi mini wayon da ni na san inda kika koyo shi.”

Nas ta ƙanƙame jakar.

Hajiya ta dafa motar ta miƙe. “Mai fenti.”

“Na’am, Hajiya.”

“Kina da baƙin fenti? Na ƙofa nake nufi, ba na bindigarki ba.”

“Akwai. Amma Hajiya, na ƙofa ba ya kama azurfar nan sai an ɗan goge ta, in ba haka ba zai ɓare...”

“Nawa ya fi ki shekaru bai ɓare ba.”

Baba ya yi tari ya juya baya.

“Ɗauko shi, da burushi. A gida za a yi, a bakin ƙofar. Ni zan shafa, ke ki riƙe gwangwani. Wannan na ƙasan kuma, duk wanda ya sake sa masa sifana sai mun haɗu.” Ta gyara mayafi. “Kin iya tuƙi?”

“Na iya.”

“Ni ban ƙarasa koyo ba. Daga ranar nan ban sake taɓa sitiyari ba.” Ta buɗe ƙofar gaba ta tsohuwar motar da kanta, ta shiga ta zauna. “Ban ce na yarda da komai ba, kada wani ya je ya ce na ce. Sai na ga yadda kike riƙe gwangwani. Auta, ɗauko ƙanwarka ku biyo mu.”

Injiniya ta sa gwangwani da burushi a baya, ta wanke hannu sama-sama, ta shiga. Ta murɗa makulli. Injin ya amsa da wata tsohuwar murya mai kauri, Hajiya ta rufe ido.

Suka fito daga garejin a hankali. Ya kamata zuciyarta ta yi sanyi. Ga ta a motar marigayi, ga Hajiya a gefenta, warin tina ya cika motar kuma ba a sauke gilashi ba.

Amma idonta ya tafi madubi.

A baya, Auta ya buɗe motarsa. Nas ta zagaya, ta wuce ƙofar baya, ta kama ta gaba.

Injiniya ta kasa ɗauke ido daga madubin. Ƙafarta ta danna mai ba ta sani ba. Motar ta zabura ta nufi ginshiƙin ƙofar gareji.

“Birki!”

Ta taka. Suka tsaya, tsakanin sabuwar azurfa da ginshiƙin bai fi tafin hannu ba. Gwangwanin ya gangara ya daki bayan kujera.

Hajiya ta miƙa hannu, ta kama madubin, ta juya shi sama yana kallon rufin mota.

“Kin san abin da ya sa na daki ƙofar nan?” ta ce, tana kallon gaba. “’Yar maƙwabta ce ta tsaya tana gaishe shi ta taga, ni kuma na tsaya kallonta.” Ta ja carbinta. “Idonki a hanya, yarinya. Ƙarfe ɗaya ya rage mini.”